Hannun Da Ya Taɓa Cikin Jemimah

Ranar Alhamis da hantsi Yaya Mordecai ya ce a haɗa kayan Elias a mayar masa. Saura kwana biyu ke nan mutanen Elias su zo Samaru a sa ranar aurensa da Clara.

Clarar aka sa ta haɗa kayan da hannunta. Tana durƙushe a tsakar ɗakin mahaifiyarta tana ninke atamfofin da ko ɗinki ba a kai ba, hawaye na ɗiga a kansu, tana saurin sharewa kada su yi tabo. Yayan nata yana tsaye a bakin ƙofa, idanu jawur, da rigar da ya wuni ya kwana da ita a asibiti.

"Har da wancan," ya ce, ya nuna injin tausa da ƙafa. "Ɗora shi a sama. Shi nake so ya fara gani."

Injin ba wani babban abu ba ne. Tsawonsa bai wuce na muciya ba, kansa dunƙule, in an danna shi sai ya kama karkarwa yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwa. Elias ne ya kawo wa Mama Elizabeth shi kyauta, don ya lura ba ta miƙewa sai ta dafa ƙugu. Kayan lantarki yake sayarwa yana gyarawa a kasuwar Sabon Gari. Shekara biyu yana neman Clara, shekara biyu Mama na amsa gaisuwarsa da gefen baki. Ita dai ba ta taɓa ɓoyewa ba, malamar makaranta ta haifa, ba ta ga abin da zai kai ta hannun ɗan kasuwa ba, alhali ga Eric, ɗan dattijon cocinsu, da aikin ofis da motarsa, yana ta sintiri a ƙofar gida. Mordecai ne ya tsaya wa Elias, tunda shi ne babba a gidan bayan rasuwar babansu.

To yau ga mai tsayawar ya juya.

Matarsa Jemimah na kwance a asibiti. Shekara bakwai da aure, ɓari biyu, sai wannan cikin da ya kai wata takwas, gida duka ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Talata da yamma ta ce bayanta na ciwo, ta ɗauki injin Mama ta ɗora a kafaɗa da gadon baya, a gaban idon mijinta. Laraba da safe jini ya ɓalle mata.

"Yaya," Clara ta ce, ba ta ɗago ba, "ai ya faɗa tun ranar da ya kawo. Ya ce kada a kai shi kusa da cikin Anti Jemimah. Ya ce ko a baya ne a fara tambayar asibiti."

"Ashe ya san abin da ya shigo mini da shi gida."

"Ba haka nake nufi ba."

"Me kike nufi? Matata na can ana auna bugun zuciyar ɗana kowane rabin awa, ke kina nan kina yi wa saurayi lauya." Ya juya wajen mahaifiyarsu. "Mama, ke kika yi gaskiya tun farko. Ni ne ban ji ba."

Mama na zaune a bakin gado, Littafi Mai Tsarki a cinyarta, a rufe. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Hon ɗin mota ya yi ƙara a waje. Eric ne, tun jiya yake jigilar mutanen gidan tsakanin Samaru da asibiti, yau kuma a motarsa za a kai kayan Sabon Gari. Allah sarki, wani wulaƙancin ma ba a shirya shi ake yi ba, haka kawai yake haɗa kansa.

Mordecai ya sungumi akwatin ya fita.

* * *

Sai da ƙarar motar ta ɓace Clara ta juyo.

"Mama."

"Kada ki fara."

"Ni da ke mun san ba injin ba ne."

"Yaushe kika zama likita? Wa ya ce miki ba shi ba ne?"

To bari ku ji abin da Mordecai bai sani ba.

Da aka yi wa Jemimah hoton ciki, an ga jaririn ya kwanta a gicciye. Likita ya ce a ɗan jira, in bai juya ba sai a yi aiki a ciro shi. Mama kuwa kalmar aiki ce ba ta son ji, tun da ƙanwarta ta shiga ɗakin tiyata shekara talatin da suka wuce ba ta fito da rai ba. A taron zumuntar mata wata ta raɗa mata labarin wata tsohuwa a ƙauyen Bomo mai gyara kwanciyar ɗa da hannu. Shi kuwa Mordecai tun ɓari na biyu ya kafa doka. Ba jiƙo, ba hayaƙi, ba hannun kowa a jikin matarsa sai na asibiti. Ya ce duk wanda ya karya, shi da shi har abada, kuma duk gidan an san mutum ne da ba ya maimaita magana.

Don haka ranar Talata da safe, yana fita aiki, Mama ta ce za su Bomo sayen sabuwar masara. Makaranta na hutu, sai aka tafi da Clara.

A ɗakin tsohuwar aka kwantar da Jemimah a tabarma. Ta shafe mata ciki da man kaɗanya, ta durƙusa, ta sa tafin hannu biyu tana turawa tana murzawa kamar mai cuɗa kwaɓin fulawa. Jemimah ta yi ƙara ta kai hannu za ta ture ta. Tsohuwa ta ce a riƙe mata ita.

"Ni na riƙe ta, Mama." Clara ta miƙo wuyan hannunta, ga shatin farce huɗu sun yi baƙi. "Tana cewa Clara ki sake ni, ina cewa yi haƙuri an kusa gamawa."

"Da cikinki haka aka yi mini. Ga ki nan zaune kina mayar mini da magana."

"Ita ba ta fita lafiya ba."

"Cutar da ita na yi nufi? Jikana ne a ciki. Yanka nake gudar mata." Hawaye ya zubo wa Mama. Kunyar ɗan fari ba ta barin ta ambaci sunan Mordecai, ko a cikin kuka. "Kin san halin Yayanki. In ya ji, ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin nan ba. Shi kaɗai ne namijin da ubanku ya bar mini."

"Elias fa? An je za a zubar masa da kaya a tsakiyar kasuwa."

"Namiji ne, zagi ba ya kashe su. Shekara ɗaya ya samu wata. Ni a ina zan samu wani ɗan?"

Clara ta kalli mahaifiyarta. Ta so ta ji haushi, sai ta ga yadda matar ta ƙanƙance a kwana biyu, ɗankwali a karkace, leɓe a bushe.

"Jemimah ta yi mini alkawarin shiru," Mama ta ce. "Suruka ta rufa mini asiri, ke da na haifa za ki tona?"

"Aurena ne za a fasa, Mama."

"Aure bai ƙare ba. Ga Eric."

"Ba na son Eric."

"Za ki koya." Ta sauko daga gadon da ƙyar, ta kama hannuwan Clara, daidai inda shatin farcen yake. "Na roƙe ki da nonon da kika sha. Ki bar shi a kan injin. Ƙarfe ne, ba shi da uwa, ba shi da ɗa."

Clara ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki mayafi.

"Ina za ki?"

"Asibiti," ta ce.

Amma da ta fito titi, keken haya mai zuwa Sabon Gari ta tsayar.

* * *

Shagon Elias na cikin layin masu kayan lantarki, inda kowa ke kunna rediyonsa don nuna ya fi na maƙwabci ƙara. Yau tana shigowa layin sai ta ga ana taɓa juna ana nuna ta da baki. Ƙofar shagon ɓari ɗaya a rufe. Akwatinta na nan a bakin ƙofa inda aka dire shi, ko taɓa shi ba a yi ba.

Yana ciki a zaune a kan benci, buhu a tsakanin ƙafafunsa. Da ya gan ta ya miƙe da sauri.

"Ya jikin nata? Jinin ya tsaya?"

Ta ɗauka zai fara da abin da Yayanta ya yi masa. Ta girgiza kai.

"Bai tsaya ba."

Ya koma ya zauna. Gemunsa ya tofo, idanunsa sun faɗa.

"Mene ne a buhun?" ta ce.

"Sauran ne. Guda biyar na sayar tun da na kawo su. Jiya na bi gida-gida na karɓo. Ɗaya wata mata ce a unguwar Muciya, ita ma ciki gare ta, ban sani ba sai da na je. Ta ce ita dai a wuya take sawa, lafiyarta lau, har faɗa ta yi mini don na karɓe." Ya shafa fuska. "Na karanta takardar da ke cikin kwalin ya fi sau ashirin, Clara. Ta ce mai ciki ta tambayi likita, kada a ɗora a ciki. Na faɗa musu. Amma da ban kawo shi ba gaba ɗaya fa? Gwaninta na je yi don Mama ta so ni."

"Elias."

"Yayanki bai yi laifi ba. In ni ne, abin da zan yi ya fi haka. Jiya na je asibitin ya kore ni, na koma bayan katanga na zauna. Ina ta roƙon Ubangiji, in rai za a ɗauka a ɗauki nawa, yaron nan bai yi komai ba."

Nan Clara ta kasa riƙe maganar. Ta durƙusa a kan siminti, tsakanin wayoyi da tsofaffin fankoki, ta gaya masa komai. Bomo, tabarma, man kaɗanya, hannuwan da ta riƙe.

Har ta gama bai motsa ba. Rediyon maƙwabci na ta zuba waƙa.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce.

"Tun da na ga jinin."

"Laraba da safe."

"E."

"Na kira ki Laraba da rana. Na ce miki Clara na kashe ɗan mutane. Kika ce mini in yi addu'a."

"Tsoro nake ji."

"Na kira ki da yamma. Na kira ki yau da asuba."

"Mamata ce, Elias. Me zan yi? In na yi magana na raba ta da ɗanta, in na yi shiru na rasa ka. Ni ma hannuna na ciki. Duk inda na juya wani zan kashe." Kuka ya ci ƙarfinta. "Ka zage ni mana. Ka ce wani abu."

Bai zage ta ba. Ya ture buhun da ƙafa zuwa ƙarƙashin benci.

"Su likitocin sun sani?"

Ta ɗago.

"Me aka gaya musu?" ya sake tambaya.

"Injin."

"Ke nan injin suke yi wa magani." Ya miƙe. "Ni in an kawo mini rediyo aka ce ruwa ya shiga, alhali faɗuwa ta yi, sai in wuni ina neman abin da babu. Wannan kuwa mutum ne, mutum biyu ma."

"In na gaya musu Yaya zai ji."

"Ki ja nas gefe ki gaya mata. Yayanki ki bar shi ya ci gaba da zagina, na ɗauka. Auren ma in an fasa an fasa. Amma kada ki bar matar nan a hannun mutanen da aka yi wa ƙarya."

"Haka kake faɗar an fasa, kamar ba komai ba?"

"Komai ne," ya ce. Ya janyo ɗaya ɓarin ƙofar ya sa kwaɗo. "Tashi mu je. Ni a bakin get zan tsaya."

Suka hau keke. Ya zauna can gefe, ya bar fili tsakaninsu wanda mutum guda zai iya zama.

* * *

A barandar ɗakin masu ciki ta tarar da su. Mama ta riga ta iso, tana kan benci da kwandon abinci. Mordecai na kai da kawowa. Eric ya taso ya tare ta da murmushin tausayi.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Gara da Allah ya nuna miki shi tun ba a ɗaura ba."

Ta wuce shi.

Niyyarta ta samu nas ita kaɗai. Ba ta samu ba, don tana isowa ƙofa ta buɗe, Sista Naila ta fito. Ita ce babbar ungozomar ɗakin, dattijuwa mai farin hijabi da tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tsaya a gabansu da kati a hannu.

"Ina mijin? Ina uwar miji? Ku matso." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Sau uku ina tambayar mai jikin, sai ta juya fuska bango. Bari in tambaye ku. Akwai wanda ya danna mata ciki?"

"Na gaya muku injin ne," Mordecai ya ce. "A gabana ta sa."

"A ina ta sa?"

"Kafaɗa. Da baya."

"Minti nawa?"

"Biyar, ko ma bai kai ba."

"Malam, ba zan rantse maka cewa injin nan ba ya komai ba, shi ya sa muke cewa a tambaye mu kafin a sa. Abin da muke hanawa shi ne a ɗora a kan ciki, ko a matse tsokar ƙafa da ƙarfi. Amma sama-sama a kafaɗa, shekara ashirin da biyu ina aikin nan ban ga ya jawo irin wannan ba. Kuma injin ba shi da yatsu. Matarka akwai shatin yatsu a gefen cikinta, yau suka fito sosai."

Mordecai ya tsaya cak.

"Ba don in kama mai laifi nake tambaya ba," ta ci gaba. "In dannawa aka yi, mabiyiya na iya ɓantarewa daga jikin mahaifa, jini ya taru a ciki, wanda muke gani a waje kaɗan ne. Hoto ba kullum yake nuna shi ba. Likita na son a ja cikin ya ƙara kwana saboda yaron, amma bugun zuciyarsa ya fara sauka yana hawa. In abin da nake zato ne, ba mu da lokacin jira."

"Babu wanda ya taɓa ta," Mama ta ce. Idonta na kan Clara.

Sista Naila ta rufe katin, ta juya za ta koma.

"An taɓa ta."

Clara ba ta san muryarta za ta fito da ƙarfi haka ba.

"Ranar Talata da safe, a Bomo. Wata tsohuwa ce ta yi ta turawa don ɗan ya juya. Ya kai rabin awa. Ta yi ta kuka." Ta nuna wuyan hannunta. "Ni na riƙe mata hannuwa."

Nan take Sista Naila ta zabura. Ta tura ƙofa tana cewa a kira likita, a shirya ɗakin aiki.

Eric ya duba wayarsa, ya ce bari ya gyara fakin ɗin mota, ya sulale.

Mordecai ya juyo a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Bomo," ya ce. "Masarar da kuka gasa mini ranar Talata."

"Ɗana, ka tsaya ka ji."

"Na ci guda biyu. Na ce ta yi zaƙi."

"Yanka na guje mata. Ka san abin da ya sami ƙanwata."

"Ga shi yanzu za a yanka ta." Ya dubi Clara. "Ke kuma kina durƙushe ɗazu kina ninke kaya. Kina kallona na ɗauki akwati na je na tara wa bawan Allah kasuwa."

Aka turo Jemimah a kan gado mai taya, fuskarta fari fat. Da ta zo daidai mijinta ta kama bakin rigarsa.

"Ni na kwanta da kaina," ta ce da ƙyar. "Ba wanda ya ɗaure ni. Tsoronka ne ya hana mu faɗa, dukanmu."

Aka wuce da ita.

* * *

Awa biyu suka yi a barandar nan, mutum uku a benci uku. Wanda bai taɓa zaman jiran ƙofar tiyata ba ba zai gane tsawon awa biyu ba.

La'asar ta yi sanyi Sista Naila ta fito tana cire safar hannu.

"Mace ce. Ƙarama ce, an sa ta a kwalba, amma ta yi kuka. Uwar ta zubar da jini da yawa a ciki, ana ƙara mata. Sai dai mu ci gaba da addu'a, ku da mu." Ta kalli Clara ta saman tabarau. "Da an kai gobe, da wata maganar muke yi."

Mordecai ya jingina da bango ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya sauke, bai nufi wajen Mama ba. Get ya nufa, Clara na binsa a baya.

Elias na zaune a gindin dalbejiya a wajen katanga. Ya miƙe da ya hango su.

"An samu mace," Mordecai ya ce. "Duk suna da rai."

"Mun gode wa Ubangiji."

"Na zalunce ka a gaban mutane. Gobe zan zo kasuwar, inda na tsaya na faɗi waccan nan zan tsaya in faɗi wannan." Ya dubi Clara, ya sake duban Elias. "Maganar Asabar, ban janye ba. In har yanzu kana son shiga gida irin namu."

Elias bai kai ga amsawa ba sai ga Mama ta fito, kwandon abincin a hannu, ko buɗe shi ba a yi ba. Motar Eric na biye da ita a hankali. Elias ya rusuna har ƙasa kamar yadda ya saba.

"Sannu, Mama. An samu ƙaruwa."

Ba ta dube shi ba. Ɗanta ta kalla, shi kuma ya kawar da kai. Ta daɗe tana jiran ya juyo. Da bai juyo ba, sai ta koma kan Clara.

"Kin zaɓa," ta ce. "Na durƙusa miki, kin zaɓa."

"Mama, da ban faɗa ba da sun mutu."

"Da kin ja ta gefe. A gabansa kika faɗa, don ki wanke wannan." Ta nuna Elias da haɓa. "Yayanki ya ba da ke, shi ne uba. Amma ni ba zan zauna surukin da ya san wannan a kaina yana rusuna mini ba. Ranar bikin ku nemo wadda za ta zauna a kujerar uwa."

Ta buɗe motar ta shiga. Clara ta bi ta da gudu ta kama murfin.

"Mama, don Allah."

"Sake, kada ki ji ciwo."

Ta saki. Motar ta hau titi ta nufi Samaru.

Mordecai ya koma ciki wajen matarsa. Suka rage su biyu a gindin bishiya, masu keke na ta kiran fasinja a gefensu.

"Kin ji abin da ta ce," Elias ya ce. "Za ki iya?"

Ta share fuska da bakin mayafi. Wani hawayen ya sake zubowa, ta ƙyale shi.

"Ka kawo mutanenka."

Ya gyaɗa kai. Ta jira ya matso, bai matso ba.

"Zan kawo su," ya ce. "Ba ni da wata sai ke, kin sani. Amma Clara, kwana biyun nan da kika bar ni ina zaton na kashe yaro, kina jin muryata a waya, ban san inda zan ajiye su ba tukuna."

"Na sani."

"Ban ce ba zan iya ba. Ki ba ni lokaci."

"Na ba ka."

Ya tsayar mata da keke, ya gaya wa direban unguwarsu da kwanar gidansu. Sai da ta zauna ta tuna wadda za ta tarar a gidan, da ɗakin da suke kwana tare, gado na kallon gado.

"Hajiya, mu tafi?" direban ya tambaya.

"Mu tafi," ta ce.